Lasisin farauta a Amurka: abin da ya sa baƙo ke biyan ninkin kuɗin ɗan gida

A Amurka, duk wanda ke son shiga daji da bindiga ko kwari da baka domin farauta sai ya yanki lasisi, in ban da wasu 'yan tsiraru da doka ta ɗauke wa, kamar masu gonaki a wasu jihohi idan a cikin gonarsu za su yi harbin. Gwamnatin tarayya ba ta sayar da wannan lasisi. Kowace jiha daga cikin jihohi 50 na ƙasar ita ke yanka nata farashi, kuma dukkansu suna da farashi iri biyu: na mazaunin jihar da na wanda ya zo daga wata jiha. Tazarar da ke tsakani takan kai ninki biyar, ko goma, a wasu wuraren ma ta zarce hamsin. Wannan bambanci ya kai gaban Kotun Ƙoli, ya kai gaban majalisar dokokin tarayya, kuma a kansa ne kasafin kuɗin hukumomin kula da namun daji na jihohi da dama ya dogara.

Wane ne ɗan gida?

Mai karatu ya saba da bambancin kuɗin makaranta tsakanin ɗan asalin jiha da wanda ba ɗan asali ba a jami'o'in jihohin Nijeriya. Na Amurka ya yi kama da wannan, sai dai can ba a tambayar asalin iyaye ko kakanni. Zama ake dubawa. A Texas da Colorado wata shida ake buƙata mutum ya zauna kafin a ɗauke shi ɗan gida. A Montana kwana 180 ne a jere, a Wyoming da Alaska kuwa shekara guda cur. Akan nemi shaida kamar lasisin tuƙi na jihar ko takardar biyan haraji. Jihohi da yawa suna yi wa sojojin da aka turo aiki cikinsu rangwame, su ba su farashin 'yan gida. Mallakar gida ko fili kaɗai ba ya mayar da mutum mazauni a yawancin jihohi, kuma yin ƙarya a kan wurin zama don samun lasisi mai araha laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Nawa ake biya?

Lasisin hawa biyu ne. Akwai na gama-gari wanda ke ba mutum izinin farauta, sannan akwai tikiti na musamman ga kowace babbar dabba, wanda maharbi zai ɗaura a jikinta da zarar ya kashe ta. Tikiti ɗaya, dabba ɗaya. Ga misalan farashi a 'yan shekarun nan.

A Texas ɗan gida yana biyan dala 25, baƙo kuma dala 315. A Pennsylvania ɗan gida na biyan kimanin dala 21, baƙo kimanin dala 102. A Alaska lasisin ɗan gida dala 45 ne, na baƙo dala 160, kuma idan baƙon yana son harbin babbar dabbar beyar mai ruwan ƙasa sai ya ƙara dala 1,000 na tikiti.

Bambancin ya fi fitowa fili a jihohin yamma masu tsaunuka, inda ake farautar elk, wata babbar barewa mai ƙaho kamar rassan itace, wadda namijinta kan fi gwanki girma. A Wyoming tikitin elk na ɗan gida dala 57 ne, na baƙo dala 692. Akwai kuma rukuni na musamman ga baƙon da ke son ƙarin damar samun tikiti, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa dala 1,950 daga 2024. A Montana ɗan gida dala 20 yake biya, baƙo kuwa fiye da dala 1,000.

Tikitin ma ba shi ne mafi tsada a tafiyar baƙo ba. Alaska ta wajabta masa ɗaukar ɗan jagora mai rajista, ko rakiyar ɗan uwa na kusa mazaunin jihar, kafin ya farauci beyar mai ruwan ƙasa ko ragon dutse ko akuyar dutse. Wanda ba ɗan Amurka ba ne kuma ba ya zaune a ƙasar, dole ya ɗauki jagora ga kowace babbar dabba. Wyoming ma ta hana baƙo farautar manyan dabbobi a dazuzzukan da aka keɓe ba tare da jagora ko rakiyar ɗan jihar ba. A Texas, inda kusan dukkan ƙasa mallakar mutane ce, kuɗin hayar daji daga mai gona yakan ninka kuɗin lasisi sau da yawa.

Yadda tsarin ya samo asali

A ƙarni na 19 farautar kasuwa ta kusa share namun dajin Amurka. Baunar ƙasar, wadda garkunanta suka kai miliyoyi masu yawa, ta ragu zuwa 'yan ɗaruruwa kafin 1890. Wata irin kurciyar daji da take tashi garke guda har ta rufe hasken rana ta ƙare ƙaf. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ganin haka jihohi suka fara kafa lokutan farauta, da iyakar abin da mutum zai kashe, da kuma lasisi don samun kuɗin biyan masu gadin daji. A 1900 majalisar tarayya ta zartar da Dokar Lacey, wadda ta haramta ketara iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba.

Ginshiƙin shari'a da aka kafa tsarin a kai shi ne cewa dabbar daji ba ta mai gona ba ce, ba kuma ta gwamna ba. Amana ce a hannun jiha domin al'ummarta. Daga nan hujjar fifita ɗan gida ta fito: idan amanar ta mutanen jihar ce, su ne farkon masu haƙƙi a kanta.

Ina kuɗin ke tafiya?

A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan dokar da aka fi sani da sunan waɗanda suka gabatar da ita, Sanata Key Pittman na Nevada da ɗan majalisa Willis Robertson na Virginia. A ƙarƙashinta, harajin kashi 11 cikin ɗari da ake karɓa kan dogayen bindigogi da harsashi yana shiga asusu na musamman. Daga baya aka ƙara harajin kashi 10 kan ƙananan bindigogi, da na kayan kwari da baka. Ana raba kuɗin ga jihohi, rabi bisa faɗin ƙasa, rabi bisa yawan waɗanda suka sayi lasisi. A 'yan shekarun nan abin da ake rabawa yakan kai kimanin dala biliyan ɗaya a shekara.

Sharuɗɗa biyu ne suka ba dokar ƙarfi. Na farko, jiha ba za ta samu ko sisi ba sai ta kafa dokar da ta hana karkatar da kuɗin lasisin farauta zuwa wani aiki da ba na hukumar namun daji ba. Gwamna ba shi da ikon ɗibar sa ya gina titi ko ya biya albashin wata ma'aikata. Na biyu, tarayya tana biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aiki ne kawai, jiha ta kawo sauran kashi 25, kuma yawanci daga kuɗin lasisi take kawo shi. Ke nan dala ɗaya ta lasisi na iya janyo dala uku daga tarayya.

Masu harbin agwagi da dinya suna da ƙarin wajibi. Tun 1934 duk mai shekara 16 zuwa sama sai ya sayi kan sarki na tarayya. An fara sayar da shi dala 1, tun 2015 kuma dala 25 ne, farashi ɗaya ga kowa ko daga wace jiha ya fito. Kimanin kashi 98 cikin ɗari na kuɗinsa yana tafiya wajen saye ko hayar fadamu da tafkunan da tsuntsayen ke sauka.

Da waɗannan kuɗaɗe ake biyan masu gadi da masu ƙidayar dabbobi, ake sayen dazuzzuka, ake ɗaukar dabbobi daga inda suka yi yawa zuwa inda suka ƙare. Barewa mai farin wutsiya, wadda aka ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba a farkon ƙarni na 20, yanzu ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Talotalon daji da ya ɓace daga jihohi da dama ya dawo har ya kai miliyoyi.

Hukuncin kotu

Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana jiha nuna wa ɗan wata jiha bambanci a kan muhimman haƙƙoƙi. Da wannan sashe Kotun Ƙoli ta soke wata dokar South Carolina a 1948, wadda ta sa masu kamun jatan lande 'yan gida biyan dala 25 kan kowane jirgi, baƙi kuma dala 2,500. Kotun ta ce wannan sana'a ce, kuma ba a toshe wa ɗan ƙasa hanyar neman abinci don ya fito daga wata jiha.

Kusan shekara 30 bayan haka wani mai sana'ar jagorancin maharba a Montana, Lester Baldwin, tare da wasu maharba daga Minnesota, suka kai ƙara da irin wannan hujja. A 1976 ɗan Montana dala 9 yake biya ya farauci elk, baƙo kuwa dala 225, wato ninki 25. A 1978 alƙalai shida suka goyi bayan jihar, uku suka saɓa. Mai shari'a Harry Blackmun, wanda ya rubuta hukuncin, ya kafa hujja da cewa farautar elk ga baƙo nishaɗi ce, ba hanyar cin abinci ba ce, dabbobin kuma suna da iyaka, sannan mazauna jihar ne ke ɗauke da nauyin kula da su. Bayan wata kotun ɗaukaka ƙara ta sa alamar tambaya a kan iyakar da Arizona ta yanka wa baƙi a 2002, majalisar tarayya ta zartar da doka a 2005 da ta tabbatar wa jihohi ikon bambanta ɗan gida da baƙo a harkar farauta da kamun kifi.

Ƙuri'a da gwanjo

A wuraren da masu nema suka fi dabbobin yawa, kuɗi kaɗai ba ya sayen tikiti. Ƙuri'a ake jefawa, kuma kason baƙi ƙayyadadde ne. Arizona ba ta ba su fiye da kashi 10 cikin ɗari. New Mexico tana ware kashi 84 ga 'yan gida, kashi 10 ga waɗanda suka yi yarjejeniya da masu jagora, kashi 6 kacal ga sauran baƙi. Montana ta tsayar da babban lasisinta na baƙi a 17,000 a shekara. A 2022 Wyoming ta rage kason baƙi a kan dabbobi mafi wuyar samu, irin su ragon dutse da bauna, zuwa kashi 10.

Wanda bai ci ƙuri'a ba yakan sayi maki a kowace shekara don ƙara damarsa a gaba, kuma akwai masu tara maki fiye da shekara ashirin suna jiran tikitin ragon dutse. Mai hannu da shuni yana da gajeriyar hanya: jihohi kan ware tikiti ɗaya ko biyu su yi gwanjonsu, kuɗin ya tafi kula da dabbar. A 2013 an sayi tikitin ragon dutse guda ɗaya na Montana a kan dala 480,000.

Hujjojin ɓangarorin biyu

'Yan gida suna cewa su ke zaune da dabbobin shekara zagaye. Elk na cinye musu ciyawar da suka tanada wa shanu, barewa na faɗo wa motocinsu a hanya, kuma ga iyalai da yawa na karkara naman dabba ɗaya shi ne cefanen watanni. Baƙi kuma suna nuni da cewa yawancin farautar yamma a filayen gwamnatin tarayya ake yin ta, waɗanda harajin dukkan 'yan ƙasa ke kula da su. Kusan rabin ƙasar Wyoming ta tarayya ce, a Nevada kuwa kimanin kashi 80 cikin ɗari. Shari'a ta raba gardamar da cewa ƙasar ta kowa ce, dabbar da ke yawo a kanta kuma jiha ke da ikon tsara farautarta.

Akwai wani lissafi da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. A jihohi irin su Wyoming da Montana da Colorado, baƙi su ne 'yan tsiraru a cikin maharba, amma daga aljihunsu mafi yawan kuɗin lasisin farauta ke fitowa. Tsadar tikitin baƙo ita ke riƙe da arhar tikitin ɗan gida. 'Yan majalisar jiha sun san baƙo ba ya jefa ƙuri'a a zaɓensu, don haka ƙara masa kuɗi ya fi sauƙi. Amma duk lokacin da aka rage kason baƙi don faranta wa 'yan gida rai, sai giɓi ya bayyana a kasafin hukumar, a cike shi da ƙarin tsada a kan baƙin da suka rage. Sakamakon shi ne farautar yamma tana ƙara fin ƙarfin ma'aikaci mai matsakaicin albashi daga wata jiha.

Ƙalubalen da ke gaba

Tsarin ya dogara ne a kan yawan masu saye, kuma maharba suna tsufa. Ƙidayar da gwamnatin tarayya ta gudanar ta nuna raguwarsu daga miliyan 13.7 a 2011 zuwa miliyan 11.5 a 2016. A ɗaya ɓangaren, hukumomin da kuɗin maharba ke ɗauke da su suna da alhakin kula da dubban halittun da ba a farautar su, daga tsuntsaye zuwa kwaɗi. Missouri ta nemi mafita tun 1976, lokacin da masu zaɓe suka amince a ware wa aikin kula da daji kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari na harajin saye da sayarwa, Arkansas ta bi sahu a 1996. A waɗannan jihohi biyu duk mai sayayya a kanti yana ba da nasa kason. A yawancin sauran jihohin kuwa, albashin mai gadin daji har yanzu daga tikitin maharbi da harajin bindiga yake fitowa, kuma a jihohin tsaunuka kaso mafi tsoka daga hannun baƙo ne.