Ruɗin Alƙaluman Asibiti a Tiyatar Raunukan Yaƙi

Akan auna nasarar tiyatar fagen fama da yawan waɗanda suka tsira bayan an kwantar da su a asibiti, alhali wannan ma'auni yana ɓoye mafi girman ɓangaren asarar. Binciken da Brian Eastridge da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 kan sojojin Amurka da suka mutu a Iraƙi da Afganistan ya nuna cewa kimanin kashi 87 cikin ɗari sun cika tun kafin su isa asibiti, kuma a cikin waɗanda ake ganin da an iya ceto su, zubar jini ce ta kashe kusan tara cikin goma.

Asibitin Lopiding, wanda ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta gudanar a Lokichokio ta Kenya daga 1987 zuwa 2006 domin waɗanda yaƙin kudancin Sudan ya jikkata, ya fito da wannan matsala fili. Majinyata sukan iso ne bayan kwanaki, wani sa'in makonni, kuma galibinsu raunukansu a hannu ko ƙafa suke, domin wanda harsashi ya huda wa ciki ko ƙirji da wuya ya jure wannan jira. Saboda haka ƙarancin mace-mace a irin wannan asibiti ba shaida ce ta ƙwarewar likita kaɗai ba. Hanya ta riga ta tace marasa lafiyar.

Ga wanda ya iso da rai kuwa, babban abokin gaba shi ne ruɓewa. Harsashin bindigar yaƙi yana buɗe kogo na ɗan lokaci a cikin tsoka, ya lalata naman da bai ma taɓa ba, gutsattsarin bam kuma kan tura ƙasa da tsumman tufa can cikin jiki. Shi ya sa likita yake yanke duk mataccen nama, ya bar raunin a buɗe ƙarƙashin bandeji, sai bayan kwana huɗu ko biyar ya ɗinke idan ya tarar da shi ja, ba wari. Ɗinke irin wannan rauni a ranar farko, ko da niyyar taimako, kan kai ga yanke gaɓa.

Wannan ka'ida ba ta buƙatar kayan tsada, shi ya sa tawagar tiyata ta Red Cross ta yi aiki da ita a Maiduguri kan waɗanda rikicin Boko Haram ya raunata. Amma duk rahoton da bai faɗi tsawon lokacin da majinyaci ya ɗauka kafin ya iso ba, ba a iya kwatanta alƙalumansa da na wani asibiti.