Tarihin Kalmar "Decide" da Matsalar Fassararta zuwa Hausa

Wannan maƙala za ta bi diddigin kalmar Ingilishi "decide", tun daga asalinta har zuwa ma'anonin da take ɗauke da su a yau, sa'an nan ta nuna abin da tarihin nata yake koya wa mai fassara. Kalma ce da alƙali da ɗan jarida da ɗalibi suke cin karo da ita kullum, kuma kuskure wajen fassara ta yakan juyar da magana gaba ɗaya.

Asalin kalmar daga Latin ne. A can akwai aikatau "caedere", wato sara ko yanka. Da aka liƙa masa ɗafa-goshi "de-", sai aka sami "decidere", wato yanke abu a raba shi da jikinsa. Rumawa sun faɗaɗa wannan ma'ana har ta haɗa da kashe rigima da daidaita masu jayayya. Daga wannan saiwa ce Ingilishi ya sami "concise" da "precise" da "homicide". Wajibi ne a rarrabe ta da wata "decidere" mai gajeren wasali, wadda ta fito daga "cadere", wato faɗuwa. Ita ce ta haifi "deciduous", siffar itatuwan da ke zubar da ganye.

Kalmar ba ta shiga Ingilishi kai tsaye ba, sai da ta bi ta Faransanci. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, daga bisani kuma na kotu. Ko da aka yi dokar 1362 wadda ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi, kalmomin shari'a na Faransanci sun riga sun yi kaka-gida. A ƙarshen ƙarni na 14 ne "decide" ta fara bayyana a rubuce-rubucen Ingilishi, da ma'anar raba gardama tsakanin mutum biyu. Kafin zuwanta, Turawan Ingila suna da tasu kalmar ta gado, "deman", wadda ta rage a yau a matsayin "deem", amma ta rasa yawancin ƙarfinta na shari'a.

Abin lura shi ne, ɗaruruwan shekaru mai yin "decide" shi ne wanda aka kawo wa ƙara: sarki, ko alƙali, ko majalisa. Wani lokaci ma takobi ne, idan yaƙi ya raba gardama. Ma'anar da aka fi sani yanzu, wato mutum ya tsai da ransa a kan abin da shi kansa zai aikata, ba ta zama ruwan dare ba sai a ƙarni na 19. Ke nan kalmar ta taso daga zauren shari'a ta koma cikin zuciyar mutum ɗaya, ba tare da ta yar da tsohuwar ma'anarta ba.

A nan ne lamarin ya shafi Hausa. Bahaushe ma da yanka yake kwatanta wannan aiki: yakan ce an yanke hukunci, ko an yanke shawara. Larabci kuma yana amfani da "faslu", wato rabewa, da ma'anar hukunci. Sai dai Hausa ba ta tara ma'anonin a kalma guda ba. "Hukunci" na mai iko ne. "Shawara" kuwa, wadda ta fito daga saiwar Larabci guda da "shura", tana ɗauke da ƙamshin tuntuɓar wasu kafin a tsaya a kan magana, abin da "decide" ba ta buƙata.

Tun da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, da buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, fassarar labarai ta zama aikin yau da kullum, matsalar kuma ta fito fili. Idan kotu ce ta yi "decide", hukunci ta yanke, ba shawara ba. Wanda ya ce shawara, ya mai da umarnin da dole a bi kamar abin da ake iya ƙi. Idan ƙwallo ɗaya ce ta yi "decide" a wasa, gardama ta raba. Haka nan Turawan Ingila sukan ce "take a decision", wanda idan aka juya shi kalma da kalma sai ya zama "ɗaukar shawara". A Hausa kuwa wanda ya ɗauki shawara shi ne wanda ya karɓi ta wani, ba wanda ya zartar da tasa ba.

Saboda haka, kafin mai fassara ya zaɓi kalma, ya kamata ya fara tambayar wane ne ke riƙe da wuƙar, kuma a kan wa yankan zai hau.