Wane ne Josiah Idowu-Fearon, ɗalibin soja da ya zama Bishop ɗin Kaduna?

Josiah Atkins Idowu-Fearon limamin Kirista ne na ɗarikar Angilikan, wanda ya riƙe kujerar Bishop ɗin Kaduna daga 1998 zuwa 2015, shekarun da birnin ya ga rikice-rikicen addini mafiya muni a tarihinsa. An fi saninsa da abin da ba kasafai ake samu a wurin shugaban coci ba, wato zurfin karatu a kan Musulunci. Wannan karatu ya jawo masa girma a duniya, ya kuma jawo masa zargi a cikin gida.

Daga bariki zuwa majami'a

An haife shi ranar 17 ga Janairu, 1949, a Gerinya da ke Jihar Kogi ta yanzu. Tun yana yaro ya shiga Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa a 1954 domin tarbiyyar yaran da za su zama sojoji. Ita ce makarantar da ta yaye irin su Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa. Da ya bi turbar da aka ɗora shi a kai, da wataƙila shi ma tarihi ya san shi da kaki. Sai dai ya ajiye aikin soja tun yana matashi, ya koma karatun limanci, aka naɗa shi a farkon shekarun 1970.

Ya yi digirin farko a ilimin tauhidin Kirista a Jami'ar Durham da ke Ingila, ya yi na biyu a ilimin addinin Musulunci a Jami'ar Birmingham, sannan ya yi na uku a ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya shugabanci kwalejin horas da limamai ta St Francis a Wusasa, tsohuwar cibiyar Kiristocin Hausa inda Janar Yakubu Gowon ya tashi. A 1990 aka naɗa shi Bishop ɗin Sakkwato, ya yi shekara takwas a birnin Shehu kafin a mayar da shi Kaduna. Ya kuma haɗa da muƙamin Akbishop na lardin Kaduna na wasu shekaru.

Birnin da kogi ya raba

Bai cika shekara biyu sosai a Kaduna ba sai wuta ta tashi. A watan Fabrairun 2000 muhawarar ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar ta rikiɗe ta zama kashe-kashe, aka sake wani a watan Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 2,000 suka rasa rayukansu. A Nuwamban 2002 kuma aka sake zubar da jini bayan wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya taɓa martabar Annabi Muhammad (SAW). An kashe kimanin mutum 250.

Waɗannan rikice-rikice sun sauya taswirar garin. Kiristoci da yawa suka tattara suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television, Musulmi kuma suka bar kudu suka dawo Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kogin Kaduna ya zama iyaka, kamar yadda wani layi ya raba Beirut, babban birnin Labanan, zuwa gabashin Kiristoci da yammacin Musulmi a yaƙin basasar 1975 zuwa 1990.

Babbar majami'ar St Michael, inda kujerar bishop take, tana tsakiyar gari ne a arewacin kogin. Ma'ana, Idowu-Fearon ya ci gaba da jagorantar mabiyansa daga ɓangaren da da yawansu suka ƙaurace wa, a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Matsayin da ya ɗauka shi ne cewa jahilcin addinin juna na cikin abubuwan da ke rura wutar, domin wanda bai san abin da maƙwabcinsa ya yi imani da shi ba, kowace jita-jita za ta iya tunzura shi. Saboda haka ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Musulmi da Kirista a Kaduna, inda ake koyar da limaman coci da sauran ɗalibai tarihin Musulunci da ginshiƙansa.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. Wasu daga cikin Kiristocin da suka binne 'yan uwansu sun ɗauki tattaunawa da malaman Musulmi a matsayin rauni, har ana yi masa kallon wanda ya karkata ga ɗaya ɓangaren. Duk da haka bai janye ba. A 2013 Akbishop ɗin Canterbury, Justin Welby, ya ba shi lambar girma ta St Augustine saboda wannan aiki.

Kujerar Landan da saɓani da gida

A 2015 aka naɗa shi Babban Sakataren tarayyar cocin Angilikan ta duniya, mai mabiya fiye da miliyan 80 a ƙasashe sama da 160. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Ya gaji Kenneth Kearon na Ailan, a Kaduna kuwa Timothy Yahaya ya gaje shi.

Naɗin bai yi wa shugabannin cocinsa na Najeriya daɗi ba. Ƙarƙashin Akbishop Nicholas Okoh, cocin ya fito fili ya ce ba da yawunsa ya karɓi muƙamin ba. Tushen saɓanin shi ne rikicin auren jinsi da ya daɗe yana girgiza ɗarikar. Idowu-Fearon ya tsaya kan koyarwar cewa aure na namiji da mace ne, amma ya ƙi goyon bayan hukunta masu wannan hali da dokar ƙasa. Har ya sauka a 2022 ɓarakar ba ta ɗinke ba, domin bishop-bishop na Najeriya da Uganda da Ruwanda sun ƙaurace wa babban taron Lambeth na wannan shekarar. Anthony Poggo na Sudan ta Kudu ne ya gaje shi.

Komawa ga rigimar Kaduna

Yana kan aikin Landan ɗin ne Gwamna Nasir El-Rufai ya naɗa shi shugaban Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna a 2017, wadda aka ɗora wa nauyin shiga tsakanin al'ummomi kafin saɓani ya kai ga makami. Kafa hukumar bai hana kashe-kashen Kasuwan Magani na Oktoban 2018 ba, haka na Kajuru a 2019, abin da ya nuna cewa rigimar ƙasa da sarauta da kiwo ta fi ƙarfin zaman tebur shi kaɗai.

Har yau mai neman hayar gida a Kaduna yakan fara duba addininsa kafin ya zaɓi unguwa. Wannan ita ce matsalar da Idowu-Fearon ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa a kanta, kuma ita ce aka bar wa limaman masallatai da na coci-coci da suka biyo bayansa.