Malfar Jaji: Yadda Ake Horar Da Shugabanni Tun Kafin A San Taron Bita

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci da kuma masu cewa sun fi gane karatu a kan saurare.

Yau da labarin kunyar da na sha zan fara.

Muna da wata ƴar ƙungiya ta matasa a Dingyadi. Ba wata babba ba ce, karo-karo muke yi mu mayar da yaran da suka bar makaranta, wani lokaci mu gyara famfon unguwa. Bara sai aka gayyace mu taron bita na kwana uku a wani otal cikin Sakkwato, wai horo kan shugabanci da fasahar zamani ga shugabannin ƙungiyoyi masu zaman kansu. Ni aka tura. An haska mana majigi, an yi Turanci har da na sayarwa, an koya mana wata manhaja ta tattara bayanai a waya. Ranar ƙarshe aka ba mu satifiket da alawus, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Da na dawo na shiga gaida goggona, sai ta ce, "To ɗan nan, mi anka koya maka?" Na zaro satifiket na miƙa mata. Ko karɓa ba ta yi ba. Ta ce, "Ba takarda nit tambaye ka ba. Faɗa mani in ji." Wallahi na yi ta kame-kame. Ta yi dariya ta ce a ƙauyen da ta tashi, idan jaji ta dawo daga birni, a daren nan mata suke jin abin da ta zo da shi, ba a kwana.

Wata uku bayan nan wayata ta lalace. Sunayen yaran da muke biya wa kuɗin littafi, da lissafin wanda ya bayar da wanda ya karɓa, duk suna ciki, kuma duk ƙungiyar ni kaɗai na iya manhajar. Sai da muka bi gida-gida muka sake rubutawa, wasu iyayen har suna zargin mun ci kuɗin. Wannan ne ya sa na koma na bi diddigin maganar goggo. Wace ce jaji? Wa ya horar da ita?

Amsar ba ta da nisa da gida. Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya wuce Shagari zuwa Tambuwal, ya ratsa ƙasar da aka taɓa yin babbar makarantar shugabanni. Wajen 1810 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar Gwandu ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, sai 1815 ya koma Sakkwato, inda ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Bodinga. A lokacin an ci Alƙalawa tun 1808, yaƙi ya lafa, sai ga wata sabuwar matsala: almajiran da jiya suke riƙe da allo, yau su ne sarakuna da alƙalai da masu karɓar zakka, alhali da yawansu ba su taɓa mulkin ko unguwa ba. Shehu ya bar wa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello tafiyar da mulki, shi ya koma karantarwa da rubutu.

Ku lura da irin littattafan da suka fito daga gidan nan. Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano, saboda jama'ar can sun nemi ya nuna musu yadda ake hukunci da riƙon jama'a. Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, kuma a ciki bai tsaya kan adalci da shawara kaɗai ba, har da cewa shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da masaƙa da magina, ya tabbatar kowane gari yana da su. Wato kowane littafi an san wanda aka rubuta wa, an san matsalar da ke gabansa.

Amma wannan horon maza ne masu sarauta, masu Larabci. Abin da ya fi kama da aikin ƙungiyoyinmu na yau, mace ce ta kafa shi.

An haifi Nana Asma'u ƴar Shehu a Ɗegel wajen 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Bello, shi ne ma ya sauki Baturen nan Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824. Tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci. Mahaifinta tun a Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a zaure su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci. To amma fa faɗa daban, aiwatarwa daban. Daula ta yi faɗi, ƙauyuka sun cika da mata, ciki har da waɗanda yaƙi ya kawo, da yawansu ba su san ko alwala ba, kuma idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi wuya, masu bori suka sani. Matar aure ba za ta bar gida da yara ta tafi birni karatu ba. Ita ma Nana ba za ta iya zaga ƙauye ɗari ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta fito da dabarar da aka sani da Ƴan Taru. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali wadda mata suka yarda da ita, a naɗa ta jaji. Kalmar ta fatake ce, mai jan ayari. Jaji takan taso da ayarin tsofaffin mata da ƴan matan da ba su yi aure ba, wato waɗanda tafiyarsu ba za ta tsayar da gida ba, su zo wurin Nana a ƙafa. Su zauna, su ɗauki karatu, su kawo tambayoyin matan da aka baro a gida, sannan su koma su juye musu. Bayan wani lokaci su sake dawowa. Wannan sake dawowar ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mu kwana uku aka yi da mu aka sallame mu har abada. Jaji kuwa shekara da shekaru tana kai da komo, idan ta koyar da kuskure za a gane a zuwa na gaba a gyara.

Sai maganar malfa, kuma nan ne za ku ga kaifin basirar matar nan. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda take shugabar masu bori, kuma malfa tana cikin kayan girmanta. Matan karkara sun san duk macen da ta ɗora malfa ba ƙaramar mace ba ce. Nana ba ta ce a ƙone malfa ba. Ita da hannunta take ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Alamar da mutane suka riga suka iya karantawa ta ɗauka ta sauya mata ma'ana. Ku kwatanta da satifiket ɗina da goggo ta ƙi karɓa. Nawa da Turanci aka rubuta, kuma a unguwarmu babu wanda ya san mai sa hannun.

To da me jaji take ɗauko karatun, tunda yawancinsu ba sa karanta Larabci, takarda kuma tsada gare ta, daga hamada ake kawo ta? Da waƙa. Idan ana maganar fasaha, mu tunaninmu ya tafi kan kwamfuta, amma fasaha ai ita ce dabarar da ke ɗaukar ilimi daga nan ta kai can bai zube ba. Waƙa mai ƙafiya tana da wani sirri: idan ka tsallake kalma, karin zai karye, kunne zai gaya maka an yi ɓari. Mace na kaɗi ko daka tana rerawa, ƴarta na ji tana ɗauka. Ba caji, ba sabis. Nana ta yi waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, wadda ake kira Sunago. Ta yi Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta kawo salihan mata na tarihi har da na gidansu, don matan su ga ilimi ba kayan maza ba ne. Ta kuma mayar da Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa a 1831, waƙar da Shehu ya yi da Fulatanci yana gargaɗin masu mulki da alƙalai da ƴan kasuwa kan zalunci. Ku duba fa, matar ƙauye ana sa mata a baki abin da ya halatta da abin da ya haramta ga mai mulki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ko a yau.

Dabarar ba ta mutu da ƙarninta ba. Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta kafin siyasa, da ya so yara su riƙe labarin ƙasa, Waƙar Nijeriya ya tsara musu. Daga baya, bayan juyin mulkin 1966 ya dawo da shi gida, ya yi sakataren asusun raya ilimi na lardin Sakkwato. Amma wannan shiri ne na wata rana.

Mu koma kan jaji. Aikinta bai tsaya ga karatu ba. Ita ce mai sulhu tsakanin mata, mai duba mara lafiya, mai koyar da wankan gawar mace, mai tara mata su share masallaci. Ayarin kan zo da sadaka, hatsi da zuma da man shanu da zare, a raba wa mabuƙata. Babu albashi, babu kuɗin zama. Su ne ma suke kawowa. Kuma Nana ta san mutanenta ɗaya bayan ɗaya, har ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u waƙar ta'aziyya da ta rasu. Ni kam na tabbata wanda ya horar da mu a otal, in mun haɗu a kasuwa, ba zai gane ni ba.

Kada in zuga abin ya wuce gona da iri. Tsarin ya yi ƙarfi ne saboda albarkar gidan Shehu, wadda ba kowace ƙungiya ke da irinta ba. An yi shi cikin al'umma mai bayi da ƴaƴa, kuma ba kowace mace ke da ikon ɗaga ƙafa ta bi ayari ba. Sannan waƙa ba ta riƙe lissafin kuɗi. Ƙungiyar da za ta karɓi tallafi yau dole ta iya rasit da asusun banki da rahoto, dole wani ya iya kwamfuta. Manhajar da aka koya mini ba ta da laifi, tana da amfani sosai. Laifin yana wurin yadda aka zuba ta cikin kan mutum ɗaya aka ce ya tafi.

Gwajin kowane tsari shi ne ranar da mai shi ya kau. Nana Asma'u ta rasu a 1864, an rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar ayari, bayanta Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka sauya sarauta da haraji da kotu, amma jajoji suka ci gaba da zuwa. Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta yi shekaru tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da su da ransu ta zanta da su, ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997. Matan da suka kafa FOMWAN a Minna a 1985 suna ambaton Nana a matsayin abin koyi. Har a Amurka, a birnin Pittsburgh, an sami Musulmi baƙaƙen fata da suka ɗauki sunan Ƴan Taru suka yi aiki da shi. Ƙungiyarmu kuwa waya ɗaya ta mutu ta kusa binne mu.

Bayan abin da ya faru mun zauna mun sa doka. Duk wanda aka tura horo, kafin Juma'a biyu sai ya koyar da mutum uku, da Hausa, kuma ɗaya daga cikinsu mace ce. Kowane darasi zai mayar da shi gajeren saƙon murya ya tura zaurenmu na WhatsApp, yadda wanda bai iya karatu ba zai saurara ya maimaita. Lissafi kuma a waya da littafi, hannun mutum biyu. Bayan wata uku a sake zama, waɗanda aka koya wa su ne za su yi bayani, shi ya yi shiru.

Ni aka fara gwadawa, tunda ni na ja mana. Na ɗauki saƙon farko kan yadda ake ajiye bayanai a intanet don kada su bi waya su tafi, na kai wa goggo ta saurara kafin in tura. Ta kasa kunne har ƙarshe, sannan ta ƙirga mini kalmomin Turanci bakwai da yatsunta, ta ce, "Koma ka sake, ɗan nan. Wanga ko ni ban gane ba, balle in faɗa ma wata."

Sau uku na sake kafin ta bari na tura. Sai mun haɗu a shiri na gaba.