BAƘAR ASABAR: RANAR DA "BARI MU GANI" TA CI RAYUKA

'Yan uwana mata, tun ina ƙarama nake ganin dogayen bishiyoyin turare a bakin hanyoyinmu, ban taɓa tambayar daga ina aka kawo su ba. Ashe asalinsu ƙasar Ostareliya ne. A can dazuzzuka ne guda na turare, kuma ganyensa yana ɗauke da mai, da wuta ta taɓa shi sai ya kama kamar an zuba kananzir. Labarin da zan ba ku yau a cikin waɗannan dazuzzuka ya faru, a jihar Biktoriya, shekara ta 2009.

Su mutanen can lokutansu sun saɓa da namu. Sa'ad da muke fama da sanyin hunturu a Janairu, su bazara ce tsakiyarta. A wannan shekarar sun daɗe cikin fari, ciyawa ta bushe ƙarau. Ƙarshen Janairu sai zafi ya sauko, kwana 3 a jere ma'auni yana wuce digiri 43 a birnin Melbon. Ƙarfen hanyar jirgin ƙasa ya lanƙwashe, lantarki ya ɗauke. Hukumar lafiya ta ƙiyasta mutum 374 suka ƙaru a kan waɗanda aka saba rasawa a irin wannan mako, yawancinsu tsofaffi. Ba hayaƙi, ba kururuwa, zafi kawai.

Sai ranar Asabar 7 ga Fabrairu. Zafi ya kai digiri 46.4 a Melbon, ga iska mai ƙarfi daga arewa, busasshiya. Kusan tsakar rana wayar lantarki ta tsinke a Kilmore ta Gabas, wuta ta tashi. Iska ta riƙa ɗaukar ɓawon itace mai ci tana jefawa can gaba, kafin a kashe nan, can ta kama.

To, ga inda abin ya fi ban tausayi. A wancan zamani shawarar da hukuma ke bai wa jama'a ita ce: ko ka bar gida tun da wuri, ko ka shirya ka tsaya ka kare shi. Da yawa ba su ɗauki ɗaya ba, suka ce bari mu gani tukuna. Ni ban ga laifinsu ba. Wace ce a cikinmu za ta juya wa ɗakinta baya cikin sauƙi? Ga gado, ga hotunan 'ya'ya, ga abin da aka shekara ashirin ana tarawa.

Da yamma iska ta juya, ta koma busowa daga kudu maso yamma. Doguwar gefen wutar nan gaba ɗaya ta zama goshinta, ta nufi garuruwan da suke zaton ta wuce su. Kinglake ta ƙone, Marysville kusan ba abin da ya rage. Waɗanda suka fita a makare hayaƙi ya rufe musu hanya, itatuwa suka faɗo a kan titi. A Marysville wasu sun tsira ne don sun taru a filin wasa na gari, suka kwana a nan wuta tana ci kewaye da su. Allah sarki, mutum 173 suka rasu, fiye da rabinsu a cikin gidaje ko dab da su. Gidaje sama da 2,000 suka zama toka.

Amma ba su tsaya a kuka ba. Masu kashe gobarar karkara a can yawancinsu 'yan sa-kai ne, manoma da 'yan kasuwa da matan aure, su suka yi makonni suna fafatawa. Jama'a suka tara gudummawa, suka buɗe wa waɗanda suka rasa muhalli ƙofa. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Bernard Teague, ya miƙa shawarwari 67 a 2010. Aka ƙaro wani matakin gargaɗi mafi tsanani, wanda ma'anarsa ita ce gida ba ya karuwa a irin wannan rana, a fita tun da wuri. Aka kuma keɓe wuraren fakewa a garuruwa.

Da wata gobarar ta zo a 2019 zuwa 2020, ta cinye daji ninkin-ba-ninkin na 2009, amma waɗanda wutar ta kashe kai tsaye ba su kai 40 ba. A Mallacoota kimanin mutum 4,000 suka bar gidaje da masauki suka taru a bakin teku, daga baya jiragen sojan ruwa suka kwashe da yawansu.

'Yar uwa, abin da na ɗauka ke nan. Shawarar ranar gobara ba a ranar ake yin ta ba. Tun yau ki san ƙofar da za ki bi, wa zai ɗauki jariri, wa zai riƙo hannun tsohuwa. Ranar tsananin zafi kuma ki leƙa maƙwabciyar nan da ke zaune ita kaɗai, ki kai mata ruwa. Kaya dai ana sake saye, masu magana ma sun ce da rai ake rabo.