Famfon zuƙar iska: abin da ake mantawa idan an sauya injin fetur da na gazuwal

Masu Hiace, Hilux da tsofaffin Peugeot kan cire injin fetur su ɗora na gazuwal, wato dizal. Inji kan tashi lafiya, amma da an hau titi sai a ji birki ya yi tauri kamar dutse. Galibi laifin na tsarin zuƙar iska ne.

A injin fetur akwai murfi a bakin hanyar iska wanda totur ke buɗewa da rufewa. Idan ya rufe, fistin na ci gaba da zuƙa, sai iska ta yi ƙaranci a cikin bututun. Wannan zuƙar ce ake kai wa baƙin kwanon da ke bayan fedar birki, wanda ake kira servo-frein ko mastervac a garejin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Shi ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Tsohon injin gazuwal ba shi da wannan murfi, saboda haka sai an ba shi famfo na musamman, pompe à vide.

Wurin famfon ya bambanta. A injunan Toyota 2L, 3L da 5L yana manne a bayan altaneta. A 1HZ na Land Cruiser giya ce ke juya shi daga gaban inji. A XD2 na Peugeot 504 bel ne ke jan sa. Duk mai sayen injin gwanjo ya tabbatar an haɗa masa da famfon, domin altanetar fetur ba ta da wurin ɗaura shi.

Wajen haɗawa, babban tiyo ya tashi daga famfon kai tsaye zuwa kwanon birki. A sa tiyo mai kauri da aka yi don wannan aiki, domin na ruwa yakan lotse idan zuƙa ta yi ƙarfi. Akwai ɗan bawul mai hanya ɗaya a kan layin. Iska ta riƙa fita daga kwanon zuwa famfo. Idan aka juya shi baibai, birki ba zai samu taimako ba. Famfon bayan altaneta yana buƙatar baƙin mai: siririn bututu mai kawowa da wani mai mayarwa cikin inji. Idan babu mai, zai ƙone cikin ɗan lokaci. Ƙananan layuka, kamar na EGR, a reshe ake ɗauko su, kuma a toshe duk bakin da ba a amfani da shi.

A tsofaffin Mercedes irin 240D da 300D, zuƙar ce ke kashe inji. Idan tiyo ya huje, za a zare makulli inji na ci gaba da aiki, sai an danna sandar STOP da ke jikinsa.

Kafin a fita da mota, a gwada. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, a riƙe ƙafa a kai, sannan a tayar. Idan fedar ta ɗan nutse, haɗin ya yi. Mai geji ya auna: lafiyayyen famfo na ba da kimanin 0.7 bar ko fiye. Bayan an kashe inji, ya kamata a samu taku biyu ko uku masu laushi. Idan babu, bawul ko tiyo na yoyo. Kada a ɗauki fasinja sai an gyara.