Tsiron Dawa da Tsiron Sha'ir: Tarihin Giya Daga Bakin Rumbu

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na al'adun Hausawa ya umurci kowane ɗalibi ya koma garinsu lokacin hutu, ya binciko tarihin wata sana'a wadda ta mutu ko take shirin mutuwa. Abokaina suka rarrabe jima da rini da saƙa da dukanci. Da aka zo kaina sai na ce ni dafa giya zan bincika a ƙasarmu ta Bunguɗu. Aji ya kwashe da dariya, har wani daga baya ya ce, "Malam, a fara binciken shi kansa tukuna."

To, mai karatu, ni Musulmi ne ɗan Musulmi, giya ba ta taɓa shiga bakina ba, kuma hukuncinta a addini sananne ne. Abin da ya ja hankalina dabam ne. Wani ɗalibi Bajamushe da ya zo sashenmu ƙaro Hausa, na taɓa saya masa lemon tsiro na kwalba, irin baƙin nan marar sa maye. Da ya kurɓa sai ya ce ƙanshinsa ya tuna masa da wata giya ta garinsu. Ni kuwa duk lokacin da na sha lemon nan, kunun zaƙin kakata nake tunawa, wanda take zuba wa garin tsiro. Yaya aka yi ƙanshi ɗaya ya kai shi Jamus, ni kuma ya kai ni ƙauyenmu na gindin dutsen Kwatarkwashi? Amsar da na samu ita ce, tarihin giya tarihin hatsi ne, kuma kowace hukuma ta sa hannu a tukunyar giya, hannun nan sai ya taɓa rumbun manomi.

Giyar Bunsuru

Bari mu fara da ta baƙon. Sunanta Bock, asalinta kuwa wani gari ne a arewacin Jamus mai suna Einbeck, wanda ya shahara da giya mai ƙarfi tun ƙarni na 14. A farkon ƙarni na 17 sarakunan Bavariya suka ɗauko gwanin dafa ta daga can suka kawo shi birnin Munik. Mutanen Munik, da karin harshensu, suka karya sunan garin har ya yi kama da kalmarsu ta bunsuru, shi ya sa ake zana bunsuru a jikin kwalabenta. Ɗalibin harshe zai ga cewa abin da ya faru ke nan da kalmomi irin su "asibiti" da "makaranta" a bakin wasu maƙwabtanmu: kalma in ta yi ƙaura sai ta canza riga.

A cikin ƙarnin nan ne wasu ruhubanawa na Munik, watau masu zaman kaɗaici a gidan ibadar Kirista, suka ƙara mata kauri don azuminsu na kwana 40. Da yake suna rage cin abinci a lokacin, sai suka riƙa ɗaukar ta tamkar burodi narkakke. Ita ce ake kira Doppelbock, kuma kamfanin Paulaner, wanda ke lissafa farkonsa daga 1634, shi ya gaji ruhubanawan nan da giyarsu mai suna Salvator.

Baƙon ya bayyana mini yadda masu sanin ta suke ɗanɗana ta. Ba a kwankwaɗar ta, ba a kuma sanyaya ta ƙwarai. A kan zuba a tambulan a dubi launinta, ja mai duhu kamar tsohuwar zuma, sa'an nan a shinshina, sa'an nan a kurɓa kaɗan kaɗan. Abin da ake nema shi ne zaƙin tsiro, da ɗanɗano irin na ɓawon burodi da zabibi, ɗaci kuwa kaɗan. Abin sa mayen da ke cikinta ya kan kai kashi 7 ko 8 cikin 100, alhali giyar kwalba ta yau da kullum wajen kashi 5 ce. Duhun nan daga busar da tsiron sha'ir da zafin wuta yake zuwa, kamar dai yadda ƙanzo ya fi tuwo launi da ƙanshi. Bayan an dafa, sai a ajiye ta makonni a wuri mai sanyi. Kalmar lager da ake rubutawa a jikin kwalabe ma'anarta a Jamusanci wurin ajiya, kusan abin da muke kira rumbu.

Tukunyar Maguzawa

Da na isa gida, kakata ta tura ni wurin wani dattijo maƙwabcinmu wanda aka haifa a gidan Maguzawa, ya musulunta yana saurayi a zamanin rangadin musuluntarwa na Sardaunan Sakkwato, tsakanin 1963 da 1965. Na gaishe shi na ce, "Baba, na zo tambaya ne a kan abin da ake jin nauyin faɗa." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyana, abin da anka yi an yi shi. Tambayi."

Ga yadda ya ce uwarsa take yi. A jiƙa dawa ta kwana, a tsane ta, a shanya a tabarma a lulluɓe da ganye, ana yayyafa ruwa kwana uku ko huɗu har ta tsira. A busar a rana, a niƙa, a dama da ruwa a manyan tukwane, a dafa. A bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, in ya huce a zuba masa ragowar tsohuwar giya, bayan kwana biyu ya nuna. Aikin mako guda ne, kuma aikin mata ne. Dalilin tsirar da hatsin, ko a Munik ko a Kwatarkwashi, ɗaya ne: ƙwaya in ta fara tsira ta kan saki wani sinadari da ke mai da garin cikinta sukari. Kakata a nan take tsayawa, ta sami kunu mai zaƙi. Mai giya kuwa sai ta bar yisti ya cinye sukarin ya mai da shi abin maye. Tsakanin halal da haram a tukunyar nan kwana biyu ne kacal.

Su ma suna da nasu ɗanɗanon. Dattijon ya ce kafin a saya sai an ba mutum ɗan kaɗan a ƙoƙo ya gwada. Mai kyau ita ce mai ja, mai kauri, wadda ke ɗan motsi a ƙwarya, tsaminta bai wuce kima ba. Bambancinta da ta Jamus shi ne ba a sa mata furen nan mai ɗaci da Jamusawa ke kira Hopfen, wanda ke hana lalacewa, ga shi kuma ƙasarmu ba sanyi. Don haka burkutu ba ta ajiyuwa, ranar da ta nuna ranar ake tara jama'a. Shi ya sa ta zama ladan gayya, da abin bikin aure, da abin da ake zuba wa iskoki a wurin tsafi. Wanda yake da dawa ya dafa giya, wanda ya dafa giya ya sami hannuwan noma, wanda ya sami hannuwa ya ƙara dawa.

Dokoki Huɗu

Tun kafin zuwan Turawa malamai suke yaƙi da wannan tukunya. Ƙasar Tsafe ita ce ƙasar 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilmi, har yau ma sarautar garin 'Yandoton Tsafe ce, amma a duwatsun da ke kewaye da ita akwai masu bin addinin gargajiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya lissafa shan abin da shari'a ta hana cikin aibobin sarakunan Haɓe. Bayan jihadin da aka fara a 1804, lokacin da Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau, giya ta bar fada ta koma gidajen Maguzawa. Wannan ita ce doka ta farko.

Ta biyu ta Turawa ce. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890 ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma gwamnatin Lugga, wadda ta ci Kano da Sakkwato a 1903, shekarar da aka gwabza da rundunar Wazirin Kano a nan Kwatarkwashi, ta sa Arewa cikin yankin da aka hana. Amma Turawan nan su suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta isa Ƙaura Namoda a 1929. Jirgi ya tafi da gyaɗa da auduga, ya dawo da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, Sabon Garin Gusau ya cika. Da aka fara yin giyar Star a Ikko a 1949, aka kuma buɗe masana'antar Kaduna a 1963, sai kwalba ta sami hanyar da ta fi ta tulu sauƙi.

Ta uku ita ce dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta wa Musulmi shan giya in ba don magani ba. Ta huɗu kuwa iyayenmu sun gan ta da idonsu. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki ran 27 ga Janairu 2000. Aka rufe mashaya, aka sa wa Musulmin da ya sha haddin bulala 80.

Su ma Jamusawa suna da tasu tsohuwar doka, ta 1516, wadda ta ce ba a yin giya a Bavariya sai da ruwa da sha'ir da Hopfen. Masana tarihi sun nuna cewa ɗaya daga cikin dalilanta shi ne a bar wa masu burodi alkama, kada giya ta cinye abincin gari. Da na faɗa wa dattijon wannan sai ya gyaɗa kai ya ce, "Sarkinsu ya san rumbu. Mu da munka bar giya, shekarar nan hatsinmu ya kai mu har kaka. Amma fa gayya ba ta koma cika kamar da ba." Riba da hasara ke nan a jimla ɗaya, daga bakin wanda ya ga zamanin biyu.

Dawa Ta Shiga Kwalba

Akwai wani juyi da ba a cika ambata ba. Masana'antun giya na Nijeriya da tsiron sha'ir na Turai suka fara, domin sha'ir ba ya son zafin ƙasarmu. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi don tsimin kuɗin waje. Dole masana'antun suka juya ga dawa da masara, suka dogara ga irin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, kamar gajeriyar kaura mai lamba SK5912. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta zauna. Lemon tsiro irin su Maltina, wanda ya fito a 1976, shi ma daga wannan sana'a yake, sai dai ba a barin yisti ya yi aikinsa. Abin da tsohuwar Bamagujiya take yi da tabarma da ganye, shi injiniyoyi suka koma yi da na'ura.

Na tambayi mahaifina, wanda ke kai dawa kasuwar Tsafe, ko ya san inda buhunansa suke ƙarewa. Ya ce shi dillali yake sayar wa, mota kuwa in ta kama hanyar Funtuwa ba ta ba shi labari. Na ce, "Baba, in wani buhun tuwo zai zama, wani lemo, wani giya fa?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce wannan tambaya ce ta malamai, in kai musu. Ga ta na kawo, domin ta fi ƙarfina.

Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Mun san wanda ya ci sarauta da wanda ya ci yaƙi, amma tarihin dawar da muke ci kullum mun bar shi a bakin tsofaffi. Jamusawa sun rubuta nasu har da ranar da aka kafa doka, mu kuwa muna jin kunyar tambaya, kamar sanin abu shi ne aikata shi. Ƙauyuka biyu da dattijon ya ce in je in ji ƙarin bayani, ban iya zuwa ba saboda 'yan bindiga, waɗanda a shekarun nan suke sa wa manoman Tsafe da Bunguɗu haraji kafin su bar su su girbe gonakinsu. Mutanen ƙauyukan sun watse, tsofaffinsu suna gudun hijira a Gusau, kuma kowane ɗaya ya rasu ya tafi da abin da ya sani. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya ɗauki littafi da alƙalami ya zauna gaban kakarsa, ya tambaye ta ko da yadda ake tsiro ne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya cika rumbunanmu da halal, amin.